Ganyen Lemon Baba Sabo

Ban daɗe a Jidda ba na gane cewa aikin direban da ejan ya rantse mini yana jirana babu shi, bai ma taɓa wanzuwa ba. Lambar wayar da ya ba ni ta wani mai sayar da kaji ce ɗan Bangaladash, wanda Hausawa suka dame shi da kira har ya koyi cewa "babu" da bakinsa. Bizata ta Umara ce, ina ji ina gani ta ƙare. Daga ranar na zama abin da suke kira Takari: baƙin mutum marar takarda, wanda da ya hango motar askarawa, 'yan sandan ƙasar, sai ya tuna yana da uzuri a lungu.

Sunana Garba, haifaffen Mandawari. A aji uku na sakandare na tsaya, na yi tuƙin haya har motar ta mutu a hannuna. Yadda na baro gida ba zan faɗa ba. Duk wanda ya taɓa barin tsohuwar uwa da mata da 'ya'ya ya san yadda ake yi.

Na yi wankin mota, na yi dako, na kwana a ɗakin da in za ka juya sai ka nemi izinin na kusa da kai. Kuma kada wani ya ce mini Larabawa ne kaɗai ke cutar mutum a can. Wanda ya fi cutata Bahaushe ne ɗan'uwana, mai carbi da tabon salla. Shi ya ce akwai aikin gona a kudu, wajen iyakar Yaman, ga iska ga abinci, askarawa ba sa zuwa. Ya karɓe wayata a matsayin kuɗin mota, ya cusa ni a bayan babbar mota tsakanin buhunan taki. Da na sauka, ko ni ban yarda da warin jikina ba.

Gonar lemon tsami ce, babba, ta tsufa. Ina tsaye ban san inda zan nufa ba sai na ji an ce, da Hausa tsantsa:

"Kai, mai warin taki, daga ina?"

Wani tsoho ne siriri, da almakashin sassabe a hannu, hularsa ta koɗe har ba ka gane aikinta.

"Daga Kano, Baba."

"Kano ai tana da yawa. Kano ina?"

"Mandawari."

Sai ya ajiye almakashin a ƙasa. "Ikon Allah. Ni Zaitawa. Ashe maƙwabcina aka kawo mini a buhu."

Baba Sabo ke nan. Ya shigo ƙasar tun yana da baƙin gemu, bai sake komawa ba. Ranar ya dafa mini shinkafa da wake, ya zauna yana yi mini tambayoyi kamar alƙali. Mai wainar bakin masallaci tana nan? Na ce ta rasu tun ina yaro. Kududdufin da suke wanka? An cike shi, an yi shaguna. Ganuwar wajen Ƙofar Kabuga fa? Na ce abin da ya rage bai kai a nuna wa baƙo ba.

Ya dube ni ya ce, "Kai don Allah ba ka iya ƙarya ba ne? Ko guda ɗaya ka ce mini tana nan mana."

Na ce, "Ƙarya ce ta kawo ni nan, Baba. Na ƙoshi da ita."

Ya yi dariya har da tari. Tun daga ranar yake kirana Ɗan Mandawari.

Abin da Baba ya mallaka a duniya akwatin ƙarfe ne guda. A ciki akwai likkafaninsa, wanda ya wanke da ruwan zamzam ya naɗe a leda. Mahaifin mai gonar, kafin ya rasu, ya yi masa alkawari a gaban ɗansa: zai zauna a gonar ba mai taɓa shi, in ƙarfinsa ya ƙare a kai shi Madina ya jira ajalinsa, a binne shi a can. Ba shi da mata, ba shi da ɗa, ba shi da takarda. Wannan alkawarin shi ne matarsa, shi ne ɗansa. Yakan ce, "Ni ai na gama ciniki. Kabari kawai nake jira, kuma na san unguwar."

Itatuwan gonar suna da wata cuta. Ka ɗauki ganye ka ga ƙuraje masu tudu, ruwan ƙasa, masu kaushi kamar ɓawon gyambo, kowanne da zobe rawaya kewaye da shi. Ka juya bayan ganyen, suna nan. Suna kan 'ya'yan, suna kan rassa. Ganye ya zube, lemo ya faɗo tun bai ƙosa ba, wanda ya tsaya kuma 'yan kasuwa su yatsine fuska. Mu dai gyambon lemo muke ce mata.

Mai kula da lafiyar itatuwan wani Basudane ne, Muhandis Usman, wato injiniya. Kakarsa Bahaushiya ce da ta tsaya a Sudan a hanyar Makka, don haka yana da wata tsohuwar Hausa a baki, irin wadda ko Baba sai ya yi tunani kafin ya gane. Shi ya zaunar da ni ya yi mini bayani.

"Garba, wannan ba ƙwaro ba ne da za ka gani ka murƙushe. Ƙwayar cuta ce, bakteriya, ido ba ya ganinta. A cikin gyambon take kwana. In ruwa ya taɓa shi sai ta tsatso, iska ta ɗebi ruwan ta watsa wa na kusa. Ta ƙofofin numfashin ganye take shiga, ko ta rauni: ƙaya ta soke shi, ko tsutsar nan mai zane a cikin ganye ta buɗe mata hanya. Kuma tana hawa mutum. Hannunka, rigarka, wuƙarka."

Na ce, "To maganinta fa?"

"In ta shiga, ta shiga. Shuɗin maganin da kuke fesawa, mai jan ƙarfe, tsare sabon ganye yake yi, ba ya warkar da wanda ya kamu. Dogayen itatuwan da aka jera a gefe kuma don su karya iska ne. Sauran sai sarewa da wuta."

Baba yana gefe yana wasa almakashi. Ya ce, "Muhandis, kowane tsoho da ƙurajensa. Ni ma ga nawa. Ko ni ma ƙona ni za ka yi?"

"Kai ba a sayar da kai, ya Hajji."

"Wa ya gaya maka? Ba a dai samu mai saye ba."

Haka muka yi ta yi: mu goya tankin feshi bayan kowane sabon toho, mu sare rassan da suka lalace a ranar da babu ruwa, mu tara mu ƙone. Ba mu taɓa cin cutar ba, ita ma ba ta cinye gonar ba. Zaman haƙuri ake yi da juna.

Bayan na shekara, mai gonar ya buɗe wurin renon dashe a can kan tudu, hayin wani busasshen rafi, nesa da tsohuwar gona. Rumfuna ne na raga, cike da ƙananan lemo a baƙar leda, waɗanda za a sayar wa manoman yankin. Duk abin da yake da shi ya zuba a ciki. Muhandis ya zaɓe ni don hannuna ba ya rawa. Ya sa na yi wanka, ya ba ni sababbin kaya da takalmi, ya ce tsofaffin su zauna inda suke. A ƙofar akwai kwano mai ruwan bilic, mai kashe ƙwayar cuta, da za ka taka, da wani na wanke hannu da wuƙa. Dokar guda ce, ya maimaita mini ita har na ji haushi: ba mutum, ba ganye, ba ƙarfe da zai fito daga tsohuwar gona ya shigo nan.

A can na koyi yi wa lemo aure. Ka tsaga fatar ƙaramin dashe, ka ɗauko ido daga iri mai kyau ka zura, ka ɗaure da leda. Ranar da ka kwance ka ga idon ya yi kore, ya kama, wallahi sai ka ji kamar an yi maka haihuwa. Ban taɓa yin aikin da na so ba sai wannan. Ina kwana a wata bukka a cikin shingen, ni kaɗai. Da Baba sai ranar Juma'a muke haɗuwa a masallacin ƙauye, ya miƙo mini ƙunshin abinci, in dawo in yi wanka kafin in shiga.

Sai zazzaɓi ya kama ni, a lokacin da Muhandis ya tafi ganin gida. Irin wanda ke shiga ƙashi. Marar takarda ba ya zuwa asibiti. Mai gona kuma ba ya ajiye marar lafiya, wannan kowa ya sani. Na kwanta ina rawar sanyi, aikin aure yana jirana, Juma'a ta wuce ban je ba.

Da hantsi na ji ana taɓa ƙofar bukka. Baba ne, da ƙaramin buhu a kafaɗa, ƙafafunsa duk ƙura. Tsohon nan da ƙafa ya ratso rafin.

"Ɗan Mandawari, ban gan ka a masallaci ba, na ce ko dai ka mutu ko ka yi kuɗi."

"Baba, ka taka ruwan ƙofa?"

"Ruwan nan cin fasona yake yi kamar barkono. Na tsallake. Ba komai."

Ya zazzage buhun. Ganyen lemon tsami ne, ɗanye, ya yayyafa masa ruwa don kada ya yi yaushi a hanya, da ɗan ganyen mangwaro da na gwaiba. Duk wanda ya tashi a cikin birni ya san wannan haɗin. Shi Iya, mahaifiyata, take dafa mana tun muna yara, daga bishiyar tsakar gidanmu.

Na ce, "Baba, daga tsohuwar gona ka tsinko? Ga ganye nan cike da rumfa."

"Waɗannan jariran? Ganyen jariri ba ya magani. Sai tsohuwar bishiya wadda ta sha rana. Na zaɓo masu kyau, kada ka dame ni. Tashi zaune."

Ya dafa a tukunyata, ya lulluɓe ni da bargo a kanta na yi sirace, ya tsiyaya mini na sha. Da ƙamshin ya bugi hancina sai na ga tsakar gidanmu, na ga Iya tana fifita wuta. Na yi kuka a cikin bargon nan, ƙato da ni. Baba ya ji, ya ce, "Zufa ce, fito da ita duka."

Barci ya ɗauke ni. Shi kuwa, don kada mai gona ya zo ya tarar aiki a tsaye ya kore ni, sai ya zaro wuƙarsa daga aljihu ya shiga rumfa ya yi mini auren layi guda. Ragowar ganyen ya shanya a kan ragar rumfar, wai in dafa gobe. Da la'asar hadari ya taso daga wajen duwatsu, aka yi ruwa da iska irin na ƙasar nan, mai zuwa a kwance.

Na warke. Wannan ma sai an faɗa: maganin Baba ya yi aiki, ko kuwa kwanana ne ke gaba.

Bayan 'yan makonni, Muhandis ya dawo yana zagaye. Na ga ya tsaya a layin da Baba ya yi wa aure. Ya tsinki ganye ya ɗaga shi a rana. Ɗigo ne ƙanana, kamar an ɗiga mai, wasu sun fara tudu. Ya wuce layi na gaba, ya sake tsinka. Ya wuce na gaba. Sai ya ɗaga kai ya ga busassun ganye maƙale a ragar sama, manya, irin waɗanda dashen wurin bai isa ya yi ba.

Bai yi ihu ba. Da ya yi ihu da ya fi mini sauƙi. Cewa ya yi, "Garba, wa ya zo?"

Na ce, "Ba za a iya tsince masu ɗigon a fesa wa sauran magani ba? Ni zan yi, ko ba barci."

"Wanda ka gani da ɗigo, ya kamu tun tuni. Wanda ba ka gani ba, yana ɗauke da ita bai nuna ba tukuna. In na bar dashe ɗaya ya fita daga nan, na kai wa wani talaka gyambo har gonarsa, da kuɗinsa. Dole in sanar da hukuma." Ya share ido da gefen rawaninsa. "Na gaya maka. Na gaya maka har ka ji haushina."

Gaskiyarsa ce. Abin da ya fi ci mini rai ke nan: babu wanda zan zaga.

Ma'aikatan gona suka zo da fararen kaya da safar hannu, suka ɗebi ganye suka tafi, suka dawo da hukunci. Mu aka sa muka tara dashen a rami, har da ledojin da ragar, aka zuba mai. Ɗanyen lemo in yana ƙonewa ƙamshi yake yi, irin ƙamshin siracen nan sak. Har yau ban yafe wa hancina wannan ba.

Mai gonar yana tsaye yana kallon wutar. Ba mugu ba ne, ban taɓa ganin ya daki kowa ba. Ya ce a tambaye ni wa ya shigo da cutar. Na buɗe baki zan ce kayana ne ban wanke ba, sai na ji muryar Baba a bayana. An kawo shi ne ya taya mu haƙa ramin.

Da Larabci ya yi maganar, a tsaye, ba rawar murya. Ya ce shi ya kawo ganyen, shi ya tsallake ruwan, wuƙarsa ce. Ya ce yaron nan yana kwance bai san inda kansa yake ba.

Na ce da Hausa, "Baba, yi shiru mana! Madina fa?"

Ya ce, "In je Madina da ƙarya a baki? Kai da ka ce ka ƙoshi da ita, ni za ka ɗura wa?"

Mai gonar ya juya zai tafi. Baba ya matsa ya ambaci sunan mahaifin mai gonar, ya tuna masa alkawarin. Sai mai gonar ya nuna ramin da ke ci da wuta ya ce, "Abin da mahaifina ya bari ga shi can." Washegari da kansa ya sa mu a mota ya miƙa mu ga askarawa. Muhandis ne ya biyo mu da akwatin Baba. Ya rungume shi yana cewa, "Yafe mini, ya Hajji." Baba ya ce, "Me ka yi? Kai ka faɗa, ni ban ji ba."

Zaman gidan tarhil, inda ake tara waɗanda za a kora, ba zan bayyana shi ba. Mutane ne jibge, kowa da tarinsa. Abin da na riƙe shi ne Baba bai ƙara yin wasa ba. Yana zaune a kan akwatinsa kullum, yana kallon tafin hannunsa. Da jirgi ya tashi da mu ya tambaye ni ta wane ɓangare Madina take. Ban sani ba. Na nuna masa taga kawai.

A Kano muka fara zuwa Zaitawa. Ya tsaya a bakin lungunsu yana juye-juye. Gidan an sayar, an rushe, an yi bene. Wani mai shago ya ce ya taɓa jin sunan mahaifin Baba, amma 'yan gidan sun watse tun kafin ya zo unguwar. Yara suka taru suna kallon tsoho mai akwatin ƙarfe. Na ɗauki akwatin na ce, "Taho mu tafi gida."

Na shiga na gaida Iya, aka yi kuka aka gama. Ban kawo ko dabino ba, ba wanda ya tambaya. Na ba ta labarin wanda ke zaure. Ta tambayi sunan uwarsa, na faɗa, ta dafa ƙirji ta ce ai tare suke zuwa biki da yayarta. Ta ɗaga murya:

"Malam Sabo, shigo mana! Kai ai ɗan gida ne, ba baƙo ba."

Ya taso har ƙofar tsakar gida. Sai ya tsaya cak. Bishiyar lemon Iya ce a gabansa, ganyenta kore shar, ta yi 'ya'ya har rassan sun sunkuya.

Ya ja da baya. "Hajiya, daga nan ma na gaishe ki."

Na ce, "Baba, mun fi wata da barin gonar nan. Muhandis da bakinsa ya ce ƙwayar ba ta daɗewa a busasshen tufafi. Ba komai."

Ya dube ni ya ce, "Ni ma 'ba komai' na ce ranar nan."

Bai shiga ba. Ranar ya sa na ƙone kayan jikinsa a bayan gida, na ba shi nawa. Wuƙarsa ya ba ni ya ce in jefa a masai. Akwatin kuma ya ce kada ya wuce zaure, don likkafanin ya shekara da shekaru a tsohuwar gona. A zauren ya zauna. 'Ya'yana suna kai masa abinci, suna kiransa Kaka. Iya takan zauna daga ciki, shi daga waje, su yi ta lissafa mutanen da suka mutu. Wani lokaci in ji suna dariya.

Da damina ta yi nisa zazzaɓi ya kwantar da shi. Na kai shi asibiti aka ba shi magani, jikin dai ya ƙi. Iya ta tsinko ganye daga bishiyarta ta aiko matata da shi a faranti, ta ce a dafa masa. Ya ce a miƙo masa tukuna. Ya ɗauki ganyen ɗaya bayan ɗaya, yana juya bayansa, yana ɗagawa a hasken ƙofa. Da ya gama ya ce, "Lafiyayye ne, Ɗan Mandawari. Ko ɗigo babu. Ku kula da ita."

Na lulluɓe shi da bargo a kan tukunyar. Na ji kafaɗunsa suna motsi a ciki. Na ce, "Zufa ce, Baba."

Bai kai Juma'a ba. A zauren muka yi masa wanka, muka buɗe akwatin muka ciro likkafanin da ya tanada don Madina. Muka kai shi maƙabartar bayan ganuwa, mu 'yan tsiraru, yawanci ba su ma san sunansa ba. Liman ya tambaye ni wa za a yi wa ta'aziyya. Na duba hagu na duba dama, na ce ni ne.

Yanzu a bakin titi nake sayar da dashe, ina yi wa lemo da mangwaro aure. Akwai kwanon bilic a gefena, kuma ba mai taɓa mini dashe da hannun da ya taɓa wata bishiya. Mutane suna cewa Garba ya je Makka ya dawo da taɓin hankali. Su faɗa. Ejan da ya sayar da ni yana nan, ya ƙara mota. Wanda ya karɓe wayata na ji ya gina gida. Mutum ɗaya ne a duk tafiyar nan ya taka ƙafarsa don ni, kuma shi kaɗai aka hukunta.

Bishiyar Iya tana nan, ko ɗigo babu. Akwatin ma yana zaure. Matata ta sha cewa in shigo da shi ta riƙa zuba kaya, tunda babu komai a ciki. Na ce a bar shi inda mai shi ya ajiye.